Ƙoƙon Kaguwar 'Yar Congyang

A ƙauyen Solgae, can bakin tekun yamma, ba a kiran Bang Ok-bun da sunanta. 'Yar Congyang ake ce mata, da sunan garin tsaunin da aka ɗauko ta amarya, ko da yake ta haura shekara hamsin tana tonon ƙumba a lakar bakin teku, har ta fi wasu haifaffun garin sanin inda laka ke riƙe ƙafa. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, bayanta ya ɗan rankwafa irin na matan da suka ƙare ƙuruciyarsu a tsugune. Magana a sannu take yin ta, kamar sauran mutanen lardin, kuma ba kasafai take nufar abu kai tsaye ba. In ta ce maka miya ba laifi, to gishiri ya yi yawa. In ta yi shiru, sai ka binciki kanka.

Ranar aurenta ta fara ganin teku. Kaguwa kuwa sai da sanyi ya janye, ta ga uwar mijinta ta wanke manya masu ƙwai, ta jera su rigingine a cikin tulu, ta kwarara musu romon waken soya da aka tafasa aka bari ya huce, ta rufe. Bayan 'yan kwanaki aka ɗebo, aka kai gaban mutane haka nan ɗanya. Ok-bun ta raɗa wa mijinta, Pyon Man-sik, cewa kamar an manta ba a ɗora a wuta ba. Ya yi dariya har da ƙwalla, shi da ba a san shi da dariya ba.

A ranar ta koyi cewa kaguwa kashi-kashi ce. Akwai ƙafafu, akwai farin nama, akwai kuma ƙoƙon baya, wanda ake ɓamɓarewa da babban yatsa a ajiye gefe. A cikinsa kayan ciki suke, rawaya-rawaya, da jajayen ƙwai. Mai rabo zai zuba shinkafa mai zafi a ciki, ya ɗiga man riɗi, ya cuɗa da cokali, ya bi kowace kusurwa ya kankare. Kowace kaguwa ƙoƙo ɗaya gare ta, kuma a wancan zamani kaguwa ta kasuwa ce, ɗaya ko biyu ke tsira su iso gida. Saboda haka babu gardama, ƙoƙo na babba ne. Uban mijinta ya ci shi har ya bar duniya, sannan ya koma gaban Man-sik. Ita tana madafa tana tsotsar ƙarshen ƙafa don gishirinsa, tana tura shinkafa da shi, kwano cike har ya yi tozo.

Ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin zalunci ba. A ganinta layi ne, kuma tana ciki. Man-sik bai iya magana mai daɗi ba, amma ya iya abu ɗaya: duk lokacin da take da ciki sai ya riƙa ƙoshi da wuri, ya ture ƙoƙon bai taɓa kusurwoyinsa ba, ya tashi ya fita shan taba. Ita ke kwashe kwanuka. Ta nan ta san ɗanɗanon.

Haihuwa huɗu ta yi, uku suka rayu. Bayan kowace haihuwa jiri kan ɗebe ta in ta miƙe daga laka, leɓɓanta su yi fari, matan gari su ce jini ne ya yi ƙasa, ta sha miyar ganyen teku. Sai ta sha, ta koma aiki. Abincinta bai sauya ba tsawon shekarun: shinkafa safe, rana da dare, romon ƙumba, da kimci, wato kabeji mai yaji da aka tsima. Taba kuwa ba ta taɓa kai ta baki ba. Da ƙumbar nan ta sa yara a makaranta. Yong-dal, babban, ya zama dillalin kifi a tashar jiragen ruwa da ke kusa. Kyong-ae ta sami aiki a kantin magani a birnin Incon. Autan ya tafi Taejon, ya zama sai biki ake ganinsa.

Tana da shekara sittin da shida Man-sik ya rasu, ciwon huhu ne. Da shekara ta zagayo aka yi hidimar tunawa da shi, iyali suka zauna cin abinci, Mi-hyang matar Yong-dal, wadda ake kira Uwar Su-min, ta kawo kaguwa. Yong-dal ya ɗauki ƙoƙon da hannu biyu ya ajiye gaban uwarsa.

Ta tura masa. "Kai ne maigida yanzu."

"Muddin kina zaune a nan, Inna, ba ya wuce ki."

Ta sake turawa, don haka ake yi. Ya sake maidowa, don haka ake yi. A karo na uku ta jawo kwanon shinkafarta. Ta cuɗa a hankali, ta ci a hankali, kowa yana kallon wani wuri don kada ta ji kunya. Da ta gama ta ce, "Ba laifi." Wannan karon babu gishirin da ya yi yawa.

To, amma zamani ya riga ya sauya. 'Ya'yan sun sami abin hannu, kaguwa ta daina zama ta biki, kuma firji ya kashe maganar lokaci, ana samunta ko ana dusar ƙanƙara. Yong-dal kan biyo da ita in ya taso daga tasha. Kyong-ae kan aiko ta cikin kwali daga birni, zuwa garin da aka kamo ta. Autan, da yake ba ya zuwa, shi ya fi kowa aike. Babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya kawo. In aka ɓare kaguwa huɗu, ƙoƙo huɗu ne za a jera gabanta, don ba wanda zai miƙa hannu ga rabon babba. Ita kuma ba ta iya mayar da hannun ɗa ba, balle abin yana mata daɗi. Abin da uban mijinta ke gani sau biyu ko uku a shekara, ita ta riƙa ganinsa kusan kullum, har wajen shekara goma.

Wata shekara da kaka manyan motocin gwajin lafiya na gwamnati suka shigo gari, suka tsaya a filin makarantar da aka rufe saboda rashin yara. An zaɓi wasu gidaje, har da nata da na maƙwabciyarta Kum-nye, wadda ta girme ta da shekara biyu kuma ba ta bari a manta. Aka auna tsawo da nauyi, aka ɗebi jini. Wata yarinya mai ladabi ta jera kwanuka manya da ƙanana a kan tebur, ta ce Kaka ta nuna irin wanda ta ci shinkafa da shi jiya.

Ok-bun ta dubi babban cikinsu. "Wannan ai na kyanwa ne."

"Rubuta biyu," in ji Kum-nye daga benci. "'Yar tsaunin nan ba ta ƙoshi ba tun da aka kawo ta."

"Yaya, ke da haƙorinki ɗaya ai dole ki sa wa mai ci ido."

Yarinyar ta rufe baki da takarda tana dariya, ta rubuta biyu.

Da sakamako ya fito aka ce ta je asibitin gunduma a yi mata bayani. Kyong-ae ta ɗauki hutu ta zo ta raka ta. Likitar mace ce, ba ta kai Kyong-ae shekaru ba, ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce akwai wani ƙarfe, kadmiyam, da ke cikin ƙasa da ruwa. Shinkafa kan zuƙe shi kaɗan-kaɗan, ƙumba ma haka, taba ma haka, kuma a jikin kaguwa kayan ciki ne matattararsa. In ya shiga jikin mutum ba ya gaggawar fita, ƙoda yake samu ya zauna. Macen da jininta ya yi ƙasa, jikinta kan ja shi fiye da na kowa, don yana neman ƙarfen da ya rasa sai ya haɗa da wanda bai nema ba. Na Kaka ya fi na tsararrakinta yawa. Ba ciwo ba ne, ƙodarta tana aiki daidai da shekarunta, amma a rage.

Uwa da 'ya suka fito kowa da rabin maganar. Ok-bun ta riƙe cewa ƙodarta lafiya lau. Kyong-ae ta riƙe kayan cikin kaguwa. Tun a mota ta fara danne-dannen waya, ba ta ɗago ba har suka iso gida.

Ba wanda ya ce wa Ok-bun komai. Kawai dai kaguwa ta fara zuwa babu baya. Mi-hyang ta ce ya fashe ne wajen ɓarewa. Mako na gaba Yong-dal ya ce masu sayarwa yanzu haka suke yanka ta. Kwalin Incon ya koma zuwa da farin nama zalla, an matse shi a roba kamar abincin jariri. Kwanonta na tagulla ya ɓace daga madafa, wani ɗan ƙarami mai zanen fure ya maye gurbinsa, shinkafar ma an cakuɗa ta da wake da sha'ir. Ta ga duka. Ta ci abin da aka ba ta, ta ce an gode.

Kum-nye kaɗai ta ji ta bakinta, suna tsugune a laka, ruwa ya ja baya har ba a hango shi.

"Yaya, kin lura kaguwar zamanin nan ba ta da baya?"

"Tawa tana da shi."

"To ta gidana haka ake haifarta."

Kum-nye ta soka ƙaramar fartanyarta a laka ta juyo. "'Ya'yanki sun yi taro a kanki ke nan. Ni nawa ba sa kawo mini komai, shi ya sa jinina fes. Kin ga amfanin 'ya'yan banza."

Ok-bun ta yi murmushi, ta ci gaba da tono. Ba ɗanɗanon ne ya fi damunta ba, ko da yake tana kewarsa. Abin da ya tsaya mata shi ne an yanke magana a kanta ta waya, daga wuri uku, ba a tambaye ta ba, sannan aka bi ta da ƙarya mai laushi irin wadda ake yi wa yaro da wanda hankalinsa ya fara gushewa. Shekara arba'in ta yi a layi kafin ta iso gaba. Ga shi an zagaye ta a ɓoye, kuma tana zaune.

Ba ta yi fushi ba, don ba ta saba ba. Wata safiya ta sa rigarta ta fita, ta hau motar safe ita kaɗai, ta koma wajen likitar.

"Kaka, ina 'yarki?"

"Tana wajen aikinta. Rannan ita ta ji, yau ni na zo ji." Ta ajiye jakarta a cinya. "Likita, in na daina yau, yaushe abin zai fita?"

"Gaskiya ba da wuri ba. Wanda ya shiga tun kina goyo ma, wani yana nan."

"Wato ni rumbu ce."

Likitar ta yi dariya. "Kusan haka. Ke da tsararrakinki duka. In aka duba jinin mutanen ƙasar nan shekara da shekaru, abin yana sauka a hankali. Yaran yanzu ba sa cin rabin shinkafar da kuka ci, masu shan taba sun ragu, kuma ana sa ido kan gonaki da abin da ke shiga kasuwa. Naku ajiyar da ce."

"Su da ke karin kumallo da burodi." Ok-bun ta girgiza kai, kamar mai jajantawa. "To tunda rumbun ya riga ya cika, me ƙoƙo ɗaya zai ƙara?"

"Ɗaya ba komai. Nawa kike ci?"

Ok-bun ta dubi taga. "Yakan ɗan samu."

"Kaka."

"'Ya'ya uku gare ni, Likita, kuma duk masu kirki ne."

Likitar ta ajiye alƙalami. Ta ce ƙoda tsohuwa ba a ƙara mata kaya kullum, wannan gaskiya ne, kuma 'yarta ba ta yi kuskure da ta tsorata ba. Amma ba ta ce a haramta ba. In sau ɗaya ne a wata, ba za ta yi mata faɗa ba. Ta ƙara da cewa a ci nama da ƙwai don jini, a dawo gwaji nan gaba. Ok-bun ta sa aka maimaita mata maganar wata ɗayan. Ta yi godiya, ta ajiye wa likitar ƙullin busasshen ganyen teku a kan tebur, ta fita kafin a ce ba a karɓa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta jira Cusok, bikin kaka, ranar da duk wanda ke da uwa yake komawa gida.

An yi hidimar magabata da safe, aka sauke abinci, aka haɗa tebura biyu a tsakar ɗaki. 'Ya'ya, surukai da jikoki suka zauna a ƙasa kowa a gurbinsa, ita a can sama, bayanta ga bango. Ga sabuwar shinkafa tana tururi, ga miya, ga soyayyen kifi. A tsakiya ga faranti na kaguwa, an yanka an jera gwanin kyau, babu baya ko ɗaya.

A gidan da aka san tarbiyya, ba mai taɓa abinci sai babba ya ɗaga cokali. Ba doka ba ce da ake faɗa, hannu ne kawai ba ya tafiya. Ok-bun ta ɗora hannayenta a gwiwa, ta zauna.

Da farko an ɗauka addu'a take yi a zuci. Aka jira. Tururin shinkafa ya fara raguwa. Tak, mijin Kyong-ae, wanda ya yi tuƙi tun asuba cikin cunkoso bai karya ba, ya dubi miyar kamar zai yi kuka. Autan ya gyara zama. Wata jika ta kai hannu ga tsinken cin abinci, uwarta ta riƙe mata wuyan hannu.

"Inna, abinci zai huce," in ji Yong-dal.

"Ku ci mana. Wa ya hana ku?"

Ba wanda ya motsa.

"Ko jikin ne?" in ji Mi-hyang.

"Jiki lafiya. Kallo nake. Uwar Su-min, ke da kika girma a bakin ruwa, wannan wace irin kaguwa ce? Ni 'yar tsauni ce, ban san ta ba."

Mi-hyang ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. Ta saci kallon mijinta, mijin ya saci kallon ƙanwarsa.

Kyong-ae ta ja numfashi. "Ni na ce a cire, Inna. Kin ji abin da likita ta ce."

"Na ji. Har sau biyu na ji. Na koma ni kaɗai."

"Ke kaɗai? A mota?"

"A'a, a bayan kifi." Ta juya ga surukarta. "Ƙoƙunan fa, ina suke zuwa? Don na san ki, ba kya zubar da abinci."

Can Mi-hyang ta ce, da ƙaramar murya, "Baban Su-min ne ke cinyewa... a bayan madafa, wajen tuluna."

"Ni kaɗai?" in ji Yong-dal. "Na yau ai mu biyu ne."

Idanu suka koma kan Tak. Ashe yunwar tasa ba ta kai yadda fuskarsa ta nuna ba. Ya duƙar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tebur. "Na tuba, Inna. Yaya ne ya ce kada a yi asara."

"Kai da ka ce mini ba ka karya ba," in ji Kyong-ae.

"Ban karya ba. Taimako na yi."

Autan ne ya fara fashewa da dariya, sai jikoki suka ɗauka. Ok-bun ma kafaɗunta suka motsa, amma hannunta bai bar gwiwa ba.

"To madalla. Guba ce ga uwa, magani ce ga ɗa da suruki. A tsaye kuma, a bayan madafa, kamar ɓarayin kaji."

Kyong-ae ba ta yi dariya ba. Idanunta sun cika. "Inna, Baba ma haka aka riƙa ce masa ya rage taba, muna kallo, ba wanda ya iya hana shi. Ni nake ba mutane magani kullum, ina ganin masu wankin ƙoda. Ba zan zauna ina kallo karo na biyu ba. In kin ji haushi, ki ji nawa."

Ok-bun ta daɗe tana dubanta. Wannan ce 'yar da ta fi kama da ita a taurin kai, sai dai ita a birni ta koyi faɗar abu kai tsaye.

"Ban ji haushin tsoronki ba," ta ce. "Tsoron ɗa ai abinci ne ga uwa. Amma da kin zo kin zauna nan kin ce, Inna ga abin da nake tsoro, da na ji. Sai kuka mai da ni wadda ake ɓoye wa wuƙa. Ubanku, har ranar da ya daina gane mutane, ba wanda ya yi masa ƙarya a kan abin da ke cikin kwanonsa."

Yong-dal ya buɗe baki, ta ɗaga yatsa ɗaya, ya rufe.

"Ga yadda za a yi. Likita ta ce sau ɗaya a wata. Ni na tambaya, ni aka gaya wa. Ranar da farin wata ya cika, ruwa ya yi babban ja, Baban Su-min zai kawo guda ɗaya, da bayanta. Ku biyun nan na birni ku daina aiko da kwali, in kuna da kuɗin ku sayi tikitin mota ku zo. In an ɓare kaguwa a gidan nan, ƙoƙo gabana zai zo, ni zan ce ga mai ci. Kwanon furen nan kuma zan riƙe shi, na saba da shi, waken ma ba laifi. Amma na tagullar a maido shi inda yake, ko ban ci a ciki ba."

"Sau ɗaya tak?" in ji Kyong-ae. "Kin yi alkawari?"

"Yau nawa ga wata?"

Aka dubi juna. Cusok ai ranar cikar farin wata ce.

Mi-hyang ta miƙe, ta shiga madafa. Ashe akwai ƙoƙo guda da ta ɓoye a bayan tukunya, don ta san halin mazan. Ta kawo shi a ƙaramin faranti ta miƙa wa mijinta. Yong-dal ya karɓa, ya yi jim, sai ya miƙa wa ƙanwarsa. Kyong-ae ta share ido da bayan hannu, ta taso a gwiwa, ta ajiye shi gaban uwarta da hannu biyu.

Ok-bun ta ɗaga cokali. Shinkafar ta riga ta huce, miyar ma sai da aka mayar wuta, amma ba wanda ya yi ƙorafi, kuma Tak ya ci kwano biyu kamar wanda bai taimaki kowa ba.

Haka aka ci gaba. Bayan shekara uku aka sake ɗibar jininta, likitar ta ce ya ɗan sauka, kaɗan ƙwarai, ƙodar kuma tana nan yadda take. Kyong-ae ta buga wa kowa waya tana cewa kun gani. Ok-bun ma ta gaya wa matan laka cewa sun gani, ga ta tana cin ƙoƙonta kuma abin sauka yake. Kowace ta tafi da nasararta, ba wanda ya ga dalilin sasanta su.

Yanzu ta haura tamanin. Gwiwa ta hana ta shiga laka mai zurfi, sai bakin-baki, inda take tono tana zaune a kan wata 'yar kujera da ake ɗaurawa a ƙugu. Autan ya koma zuwa duk bayan wata biyu, da hannu wofi, kuma ta fi son haka. Duk cikar wata Yong-dal kan iso da yamma da kaguwa ɗaya, Mi-hyang ta ɓare, a ajiye ƙoƙon gabanta. Yawanci takan ci. Wani watan kuma sai ta dube shi, ta ce yau ba ta jin sa, a miƙa wa ta ƙetaren katanga. Ba wanda ke tambayarta dalili.

Kum-nye kan karɓa ta leƙo ta saman katanga, faranti a hannu.

"'Yar tsauni, so kike ki cika mini jini da ƙarfe in riga ki tafiya?"

"Ai kin girme ni, Yaya. Ci, kafin shinkafar ta huce."